Tarho uku masu faifai: kundin gyara daga Janairu zuwa jajibirin azumi

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Tarhon sun cika uku, don haka yau na buɗe kundi. Dukansu ƙirar Ingila ne, masu faifan lamba da ake juyawa da yatsa. Don sauƙin rubutu zan riƙa kiran su Fari, Baƙi da Tsoho.

Fari samfurin 746 ne, wanda aka fara fitarwa a 1967, kuma tambarin da ke gindinsa ya nuna an ƙera shi a 1972. Asalin launinsa na hauren giwa ne, amma rana ta mayar da shi ruwan goro-goro, musamman gefen dama. Naira 9,000 a wurin 'yan gwangwan. Baƙi ma 746 ne, ya shigo cikin kayan gwanjo, da tsaga mai tsawon santimita 6 a bayan jikinsa. Naira 15,000. Tsoho samfurin 332 ne, mai jikin bakalait, wato tsohuwar roba mai tauri, da 'yar aljihun tebur a gindi inda ake ajiye lambobi. Na same shi wajen masu kayan tarihi a Kasuwar Kurmi kan naira 28,000, kuma kusurwa ɗaya ta mazaunin kan wayar, wato abin da ake karawa a kunne, ta ɓalle.

Tun da salula ta shigo a 2001 layin ƙasa ya yi ta ja da baya, yanzu ba inda zan jona tarho in gwada. Dole in haɗa ƙaramin layi na cikin gida. Abin da nake nema kafin azumi: kowanne ya kira ɗan'uwansa da faifansa, ƙararrawa ta kaɗa, murya ta fita. Tarhon da ke ƙyalli a kan kanta amma ba ya kira, a wurina ba a gyara shi ba, wanke shi aka yi.

Ƙa'ida biyu: hoto kafin kwance kowace waya, kuma duk abin da aka cire ya shiga gwangwani mai sunan tarhonsa.

Lahadi, 5 ga Janairu

Na buɗe Fari. Sukuru ɗaya ne a baya. Idan ya saki sai a danna maɓallan da kan waya ke zama a kai, a ɗaga murfin daga baya, a turo shi gaba ya kuɓuce daga faifan. Wanda ya fizge shi sama kai tsaye zai karya maƙalin gaba.

Ciki akwai gidan zanzaro tsakanin kwanonin ƙararrawa biyu, ya daskarar da 'yar gudumar gaba ɗaya. Na farfasa shi da tsinke, na share da busasshen buroshin fenti. Ban kawo ruwa kusa ba, domin ƙasar za ta koma laka ta shige cikin koyil. Mita ta ba ni om 987 a koyil biyun ƙararrawar a haɗe. Lafiyarsu ƙalau, tunda kowanne om 500 ne a ƙa'ida. Allon ciki ba alamar ƙuna, ba dalmar da ta saki.

Talata, 7 ga Janairu

Wankin jikin Fari da Baƙi da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke. Igiyoyin kan waya sun kwana a ruwan sabulu.

Asabar, 11 ga Janairu

Na sayo akwatin intakom na hannu a Sabon Gari, Panasonic KX-TA308, mai ɗaukar layin waje uku da tarho takwas, lambobinsu 101 zuwa 108. Naira 35,000. Dalilin zaɓensa shi ne yana gane bugun faifai. Faifai ba ya aika sauti irin na tarhon maɓalli. Katse layin yake yi: ka juya 3 ya katse sau uku, ka juya 0 ya katse sau goma. Yawancin na'urorin yanzu ba sa ƙirga wannan katsewar, don haka a tambaya tun kafin a biya kuɗi.

Wayoyi biyu na tsakiyar fulogin RJ11 ne ke ɗauke da layin. A 746 suna zuwa T8 da T18, wato lambobin sukurorin da ake ɗaure wayoyi a allon ciki. Waya, fulogai da abin matse su, naira 4,500. Wutar da akwatin ke bayarwa ba ta kai volt 30 ba, ƙasa da kusan 50 na layin gwamnati, amma ta ishi tarho ɗaya a kowace kafa.

Fari a 101: sautin layi ya fito, ƙararrawa ta kaɗa, amma faifan yana komawa kamar ana jan sa, kuma 102 ba ta shiga kowane lokaci. Baƙi a 102: yana kira, ana magana da shi, amma in aka kira shi shiru.

Lahadi, 12 ga Janairu

Yini guda a kan ƙararrawar Baƙi. Na fara zargin koyil, sai mita ta ba ni om 1,004. Gudumar tana motsi da yatsa ba cijewa. Ke nan wutar kira ce ba ta isa gare ta.

Amsar tana jikin farin fulogi mai faɗi da ya zo da shi. Tun 1981 Ingila ta koma tsarin soket, inda kafasitar ƙararrawa mai 1.8µF take zaune a cikin babban soket na bango, sai waya ta uku ta kawo wutar kira zuwa tarho. Duk tsohon tarhon da aka mayar kan wannan tsari, ana cire masa 'yar gadar ƙarfe da ke haɗa T6 da T7, wato a raba ƙararrawa da kafasitar cikin tarhon, a ɗaura shuɗiyar waya a T6. Haka na tarar da Baƙi. An kuma cire gadar T4 zuwa T5 an sa rezista mai om 3,300 a gurbinta, don tarho da yawa su iya kaɗawa a layi ɗaya ba tare da ɗaya ya shanye wutar ba.

Mu a nan waya biyu gare mu, ba babban soket. Gyaran shi ne a mayar da shi yadda aka ƙera shi. Hanyar wutar kira ta zama: T8 zuwa T9 ta gada, ta ratsa kafasita zuwa T7, gada zuwa T6, T5, T4, ta shiga ƙararrawa, ta fito T16, ta bi gadoji zuwa T17 da T18. Ba ni da gadar asali, sai na lanƙwasa guntuwar wayar tagulla mai kauri na ɗaure T6 da T7. Nan take ta kaɗa, amma a raunane. Na cire rezistan na haɗa T4 da T5 kai tsaye, ƙarar ta cika ɗaki. Tunda kowane tarho da kafarsa a akwatin, rezistan ba shi da aikin yi. Ya shiga gwangwanin Baƙi.

Duk wanda ya sayi 746 na gwanjo ya ga ba ya kaɗawa, ya duba T6 da T7 kafin ya taɓa wani abu. Na ga waɗanda aka kwance wa ƙararrawa mai lafiya aka yar saboda wannan 'yar gada.

Laraba, 15 ga Janairu

Daidaita kwanonin ƙararrawar Baƙi. Ramin kowane kwano ba a tsakiya yake ba, don haka in aka sassauta sukuru aka juya kwanon, yana matsowa ko ya nisanci guduma. Ana so gudumar ta doka ta koma, kada ta kwanta a jikinsa ta kashe amon. Tazarar kaurin katin waya ta yi daidai.

Asabar, 18 ga Janairu

Faifan Fari. Kunne ba ya auna gudun faifai, don haka na haɗa ma'auni. Na cire faifan, na gano da mita ƙarafan da ke buɗewa da rufewa lokacin da yake komawa, na jona su a jere da batir mai volt 1.5 da rezista zuwa ramin makirufo na kwamfuta, na ɗauki sautin da manhajar Audacity. Kowace katsewa tana fitowa kamar haƙori a allo.

Ƙa'idar ita ce bugu 10 a daƙiƙa, ana lamuntar 9 zuwa 11. A tsarin Ingila kowane bugu kashi biyu cikin uku layi a katse yake, kashi ɗaya a haɗe, wato kusan milisakan 67 da 33. In aka juya 0, daga farkon katsewa ta ɗaya zuwa farkon ta goma tazara tara ce, ba goma ba, don haka abin da ake nema milisakan 900 ne. Fari ya ba da 1,180, wato bugu 7.6.

Dalili a bayyane yake: tsohon mai ya haɗu da ƙura ya zama danƙo a haƙoran giya da kan sandunan. Na wanke da sifirit na aisofurofil da ƙaramin buroshi, sau uku, har ruwan da ke sauka ya daina baƙi. Ban kwance babban sifirin ba, domin ba shi da laifi, kuma mayar da shi da adadin murɗin da ya dace aiki ne mai zaman kansa. Bayan ya bushe na ɗiga man agogo da bakin allura a duk inda sanda ke juyawa.

A nan aka samu kuskure. A bayan faifan akwai birki: 'yar sanda mai fikafikai biyu na ƙarfe, kowanne da nauyi a bakinsa, tana juyawa cikin ƙaramin kofin tagulla. Gudu na ƙaruwa fikafikan na buɗewa, nauyin na gogar bangon kofin, gudun ya tsaya a inda ake so. Gogar ita ce aikin. Ɗigon da na sa a gindin sandar ya yi yawa, ya gangara cikin kofin. Awo na gaba: milisakan 690, bugu 13. Faifan yana komawa sumul, gwanin daɗin kallo, amma akwatin ya daina fahimtarsa. In na juya 102, wani lokaci 101 yake karantawa ya ba ni sautin layi a cike, wani lokaci ya yi shiru.

Sifirit naira 3,500, man agogo naira 2,500.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na wanke kofin da auduga a bakin tsinke da sifirit har sau biyar, ina juya faifan tsakanin kowane wanki don man da ke kan nauyin ya fito. Na bar shi awa biyu. Awo: 1,010, wato 8.9, ƙasa kaɗan da iyaka.

Yanzu ne lokacin taɓa fikafikan, ba kafin wanki ba. In aka lanƙwasa su ciki, wajen sanda, gudu na ƙaruwa. In aka buɗe su waje yana raguwa. Na matsa kowanne da ɗan hantsaki daga tushensa, abin da ido da kyar yake gani, kuma dukansu daidai wa daida don kada ɗaya ya riƙa goga shi kaɗai. Awo uku a jere: 930, 925, 932. Bugu 9.7, katsewa milisakan 68. Na tsaya a nan.

Ƙarafan katsewar na share su da tsirin farar takarda da aka jiƙa da sifirit, a ja ta tsakaninsu. Sanfefa ba ta zuwa wurin, tana cinye fuskar ƙarfen ta canza rabon 67 da 33. Man fesawa na warware tsatsa ma kada ya kusanci faifai, domin yana shiga ko'ina har kofin, kuma da hunturu cikin 'yan makonni ya kama ƙura.

An kira 102 sau ashirin, ta shiga sau ashirin.

Asabar, 25 ga Janairu

Yunƙurin dawo da launin Fari ya ɓaci. Na yi amfani da man haidurojin feroksaid mai kashi 12 cikin ɗari, wanda masu gyaran gashi ke haɗa rini da shi, naira 4,000. Na cire duk wani ƙarfe, na shafe murfin da kan wayar, na naɗe da leda mai laushi, na shanya daga ƙarfe 11 zuwa 2.

Iskar hunturu ta busar da man duk inda ledar ba ta manne ba, inda kuma ta tattare man ya taru. Sakamakon dabbare-dabbare ne: wani wuri fari fat kamar alli, wani wuri ruwan goron yana nan, ga sawun tattarewar leda kamar jijiyoyi a saman murfin. Wuraren da suka yi farin alli su ne abin damuwa, domin nan maganin ya ci fuskar robar ne, ƙarin magani ba zai gyara su ba.

Wannan hanyar shafawa ba ta dace da busasshiyar iska irin tamu ba, sai in mutum zai tsaya a kai yana sake shafawa duk minti ashirin.

Asabar da Lahadi, 1 da 2 ga Fabrairu

Na sake da hanyar nutsarwa. Ruwan feroksaid mai kashi 6 daga kemis, lita biyu da rabi, naira 9,600, na ƙara ruwa har ya rufe murfin a cikin roba mai gani-har-hanji. Kumfa na taruwa a ƙarƙashin murfin ta ɗago shi, don haka na danne shi da kofin gilashi cike da ruwa. Safar hannu dole ce. Ina juya shi duk awa ɗaya. Awa biyar ranar Asabar, huɗu ranar Lahadi saboda hazo ya rage rana.

Ruwan goron ya tafi bai ɗaya. Wuraren allin na bi su da sanfefa cikin ruwa, 800, sannan 1200, sannan 2000, kowace lamba a gicciye da ta baya don a ga lokacin da sawun waccan ya ɓace. Sai man goge mota da tsumman auduga. Na gwada launin da cikin murfin, inda rana ba ta taɓa gani ba: ya kusa sosai, wajen ya ɗan fi haske. Irin wannan farin yana iya komawa rawaya da shekaru, don haka mazauninsa nesa da taga.

Da zan faro daga farko, sanfefa kaɗai zan yi wa wannan murfin. Rawayar ba ta yi zurfi ba. Sanfefa naira 2,400, man gogewa naira 5,500.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Tsagar Baƙi. Jikin 746 robar ABS ce, asiton yana narkar da ita, don haka ba a bukatar gam. Na huda rami mai milimita 1 a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba. Na kankaro ɓarɓashin roba daga haƙarƙarin cikin murfin, na jiƙa a asiton cikin 'yar kwalba har ya yi kaurin zuma. Na manna salatif a waje, na ɗiga tsurar asiton a tsagar daga ciki, na matse minti biyu, sannan na shafa kaurin a kai. Ɗigo ɗaya ya bi ƙarƙashin salatif ya dusashe waje kamar faɗin ƙwayar gyaɗa. Zai fita da sanfefa. Asiton naira 2,000.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Cikon ya shanye ya ɗan lotsa, na ƙara shafi na biyu. Sai bayan kwana biyu.

Asabar da Lahadi, 8 da 9 ga Fabrairu

Tsoho. Ana shiga ta gindi, kuma zanen haɗin wayoyinsa na manne a cikin farantin, bai goge ba. Na bi shi waya bayan waya, ba wanda ya taɓa canza komai. Koyil ɗin ƙararrawa om 996. Na jona shi a 103, ya kaɗa tun a kiran farko, da amo mai zurfi fiye da na 746. Faifansa mai farantin ƙarfe ya ba da 960, wato 9.4. Ban taɓa birkinsa ba, wanki da ɗigon mai kawai.

Muryar da ke fitowa a kunne ce ƙasa-ƙasa, tana karkarwa. Na warware murfin kunnen. A wannan samfurin akwai siririn faifan ƙarfe da ke kwance a kan maganaɗisu, a zame shi gefe ake yi, ba a ɓanɓaro shi sama don kada ya lanƙwashe. Ya yi tsatsa a ciki, kuma ɓarɓashin tsatsar ya manne a kan maganaɗisun ya cike tazarar da faifan ke rawa a ciki. Na ɗebe ɓarɓashin da salatif, na shimfiɗa sanfefa 1200 a kan gilashi na goge faifan a kwance. Murya ta dawo tangaram. Murfin baki kuwa yana da makulli: sai an cusa siririn ƙarfe a ɗan ramin gefe an danna, sannan ya juyu. Ƙarfi ba ya buɗe shi, fasa shi yake yi.

Bakalait ba ABS ba ne, kuma abin da ya yi wa Fari amfani zai kashe Tsoho. Ƙyallinsa siririyar fata ce a sama, ƙarƙashinta garin katako ne da aka cakuɗa da ƙaro. In sanfefa ta ratsa fatar sai fuskar ta yi ɗige-ɗige ruwan ƙasa, ba ta ƙara ƙyalli. Man gogewa kawai na sa da hannu, awa uku, sannan man takalmi baƙi siriri. Asiton ma ba ya narkar da shi, don haka kusurwar da ta ɓalle na cike ta da gam mai haɗi biyu da aka cakuɗa da baƙar hodar firinta, na yi mata ganuwa da salatif. Naira 2,500.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Tsagar Baƙi ta sha sanfefa da gogewa, sai an karkata shi ga haske ake ganin layin. Kusurwar Tsoho na daidaita ta da ƙaramin magagari, ina kare bakalait ɗin gefe da salatif.

Makirufon Fari yana shuu kamar ana suya. Na garin gawayi ne, kuma in ya daɗe a ajiye garin yana dunƙulewa. Na cire shi, na bubbuga gefensa a tafin hannu ina juyawa, na rufe shi a kwalba da 'yan ƙunshin shanye danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi. Akwai na lantarki mai lamba 21A da aka yi don maye gurbinsa, amma ba zan sa ba muddin wannan na aiki, domin muryar gawayi ita ce muryar tarhon. Damina ce za ta nuna gaskiyarsa.

Talata, 18 ga Fabrairu

Makirufon ya koma. Suyar ta ragu ƙwarai, saura kaɗan in aka girgiza kan wayar.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Igiyar kan wayar Fari ta miƙe a tsakiya. Na naɗe ta tsaf a sandar katako mai kaurin santimita 1, na ɗaure bakunan, na tsoma tsakiyar a ruwan zafi minti goma ba tare da bakin wayoyin ya jiƙe ba, sannan ruwan sanyi. Da ta bushe na juya naɗin zobe bayan zobe zuwa ɗaya hannun, wanda shi ke sa ta matse. Wayoyinta huɗu sun koma T1, T2, T3 da T10 bisa hoton ranar farko.

Takardar tsakiyar faifai: a 746 ana ɗago murfinta da salatif, ba da wuƙa ba. Na buga sababbi da lambar Kano ta da, 064, da lambar kowane tarho a ƙasa. Tsofaffin suna gwangwani.

Jimillar kuɗi zuwa yau naira 123,500: tarho uku 52,000, akwati da wayoyi 39,500, kayan wanki da gyara 32,000, ciki har da 4,000 na man da ya ɓata murfi.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Gwajin ƙarshe. Kowane tarho ya kira sauran biyun sau goma-goma, kira sittin, duk sun shiga. Awon faifai: Fari 9.7, Baƙi 10.2, Tsoho 9.6.

Abin da ya rage sai bayan salla. Igiyar Tsoho mai saƙar zare ta zaizaye kusa da kan waya, ina neman irinta, ba zan sa ta roba ba. Sai akwatin da ake sa wa layin salula mai ramin RJ11, a jona shi a kafar layin waje ta farko. Akwatin intakom zai karɓi bugun faifai ya mayar da shi sauti, a juya 9 don samun layin waje sannan lamba goma sha ɗaya. Abin da zan duba shi ne ko akwatin salular zai jira, domin lamba mai sifili da tara da yawa tana cin fiye da daƙiƙa goma sha biyar a faifai, kuma wasu suna yanke jira su aika rabin lamba.

An kuma yi mini alkawarin tarho samfurin S63 ƙirar Faransa daga Maraɗi, mai ƙarin abin saurare a baya. Wutar kira a Faransa mai bugu 50 ce a daƙiƙa, ta Ingila 25, don haka ƙararrawarsa zan fara gwadawa a kafa ta 104 kafin in kwance komai.